Wasanmu ya watse tun ba a zo wurin rigimar ba

Malamin Kulob:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da ciwo na zo, na kuma san zauren nan ba ya rasa masu magani.

Ni ke riƙe da kulob ɗin wasan kwaikwayo a sakandaren da nake koyarwa. Ƙarshen zangon da ya wuce muka yi wasa ranar ba da kyaututtuka, a gaban iyaye. Wata biyu muna gwaji. Yaran ba su da laifi, kowa ya haddace nasa, yarinyar da ta fito a uwar adashi har liƙi aka yi mata. Amma tun ba mu kai rabi ba na ga layin baya ya fara motsi. Wannan ya fita amsa waya, waccan ta tafi neman ruwa, masu goyo suka bi sahu. Lokacin da aka zo wurin da ni nake ganin nan ne zuciyar wasan, layi huɗu kawai ya rage, su ma yawanci iyayen 'yan wasan ne.

Ga yadda na zuba shi, fitowa tara. Ta 1, matan unguwa sun taru gidan uwar adashi ana zubi. Ta 2, saurayin 'yarta ya zo zance. Ta 3, an kawo kuɗin gaisuwa an sa rana. Ta 4, uwar ta ɗebi kuɗin adashi ta shiga kasuwa sayen kayan ɗaki. Ta 5, kamu. Ta 6, wunin biki da kiɗa da rawa. Ta 7, mai kwasa ta zo karɓar kuɗinta, babu. Ta 8, dambe. Ta 9, gaban mai unguwa: ana cikin shari'a sai ga ƙanen uwar adashi ya sauka daga Legas, ya biya kuɗin, mai unguwa ya yi nasiha a kan amana, aka ja labule. Awa ɗaya da minti ashirin.

Jigona cin amana. A ina na kuskure?

Sarkin Zolaya:
Malam, wasa a kan adashi, kuma a ce zubin ne bai yi ba? Ai kai ya kamata a kai gaban mai unguwa.

Tsohon Ɗan Fage:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da lada, riƙe yara wata biyu ba ƙaramin aiki ba ne.

Tambaya ɗaya zan yi maka. A wace fitowa ce gaban mai kallo ya fara faɗuwa? Ban ce kai da ka rubuta ba, wanda ke zaune a kujera bai san komai ba nake nufi. In ka duba tsakani da Allah za ka ga ta bakwai ce. To, nan wasanka ya fara. Shidan da ke gabanta duk 'yan rakiya ne. Ka tara jama'a ka ce za ka yanka musu sa, sai ka tsaya ba su tarihin ranar da saniya ta haife shi.

Mu da muka yi wasa a dandali tun kafin kowa ya sa talabijin a ɗakinsa, akwai gwajin da muke yi wa labari. Karanta jerin fitowarka da ƙarfi, tsakanin kowace biyu ka sa "shi ya sa". In magana ta zauna, ƙulli ya kama. In kuwa "daga nan kuma" ce kaɗai ke shiga, to jere ka yi, irin jeren kwanuka a ɗakin amarya: ga kyau a ido, amma ka zare ɗaya sauran ba su san an yi ba. Gwada naka. An yi zubi, shi ya sa saurayi ya zo zance? A'a. An yi kamu, shi ya sa aka yi wuni? Al'ada ce ta jera su, ba wasanka ba. Cire ta 2 da ta 5 da ta 6 ka gaya min abin da labarin ya rasa.

Malamin Kulob:
Baba, na ji, amma ai tun a ta 4 aka ga ta taɓa kuɗin. Na ɗauka daga nan hankalin mutane zai tashi.

Tsohon Ɗan Fage:
Sun ga ta taɓa kuɗi. Kuɗin wa? Yaushe za a nema? Me zai same ta in babu? Ba ka gaya musu ko ɗaya ba. Bashin da ba shi da fuska kuma ba shi da wa'adi ba ya hana kowa barci. Sannan ka ɗauke su ka kai biki minti talatin, ba wanda ya ko ambaci kuɗin. Ka kunna wuta ka tafi unguwa, ka dawo kana mamakin ta mutu.

'Yar Jami'a:
Baba ya gama magana, ni dai bari in ƙara da abin da muke karantawa a aji, don Malam ya san ba shi ya fara faɗawa wannan rami ba.

Aristotil, Bagirken nan da ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya lissafa abubuwa 6 da ke gina wasa, ya sa zubin labari a gaba da komai, har da halayen taurari. Ran wasa ya kira shi. Kuma a wurinsa zubin da ya fi kowane lalacewa shi ne wanda fitowa ke bin fitowa ba tare da wata ta haifi wata ba, wato jeren kwanukan Baba ke nan. Abin da ya fi burge ni, gida biyu ya raba kowane wasa: ƙullawa da warwarewa. Kamar Bahaushe ne ya faɗa.

Ya kuma ce wurare biyu ne suka fi girgiza mai kallo: inda al'amari ya juye, da inda wani ya gane abin da bai sani ba. Misalin da ya bayar shi ne wasan Sarki Idifus na marubucin Girka Sofokilis. Manzo ya zo daga Korinti da niyyar kwantar wa sarki hankali, ya ce masa waɗanda yake gudu don tsoron ƙaddara ai ba su suka haife shi ba. Wannan albishir ɗin shi ya tona masa ko shi wane ne, ya rusa shi. Wanda ya zo taimako shi ya kawo halaka, kuma daga cikin labarin ya fito.

Sai ƙanen Legas. Malam, ka yi haƙuri, amma shi ne babban laifin. Girkawa suna da wata ƙugiya da suke sauko da ɗan wasa daga sama a matsayin abin bautarsu, ya zo ya raba gardama in marubuci ya rasa mafita. Aristotil ya soki wannan, ya ce warwara daga cikin ƙullin za ta fito. Naka dai motar Legas ya hau maimakon ƙugiya.

Zanen dalar nan da ake mana a allo kuwa, gabatarwa, hauhawa, ƙololuwa, gangarowa, ƙarshe, na wani Bajamushe ne, Gustav Freytag, a 1863. Wasanni masu kashi biyar ya duba, shi ya sa ƙololuwarsa ta faɗo tsakiya. Masu rubutun yanzu sun fi tura ta can dab da ƙarshe, gangarowar ta zama gajera.

Mai Kishin Gida:
Ni fa a nan nake rabuwa da ku. Kullum aka taɓa adabinmu sai a tafi Girka, a biya ta Jamus, a dawo a ce mun yi kuskure. Wa ya ce dole wasan Bahaushe ya hau dalar Bajamushe? Muna da tashe, ana fara shi goma ga azumi tun kaka da kakanni. Muna da wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Muna da kalankuwa bayan kaka, samari su naɗa sarakunansu da alƙalansu. Wace ƙololuwa ce a ciki? Kuma mutane ba sa tashi.

Biki da kuke cewa a cire, shi 'yan kallonmu suke so. Gaisuwa da ake yawan kushewa, wai tana cin lokaci, to Bahaushen da ya shiga gida bai yi sallama ba, bai tambayi gajiya ba, ba Bahaushe ba ne, Bature ne da babbar riga. Zuwa gaban mai unguwa kuma haka rayuwarmu take, rigima a gaban manya take ƙarewa. Wanda ya yi wayo a Kano a shekarun 1980 ya san yadda ake cika gaban talabijin don wasan kotun nan, Kuliya Manta Sabo. Shari'a ce tun daga farko har ƙarshe.

Tsohon Ɗan Fage:
Ɗana, kishinka na da kyau, amma misalanka ni suke goya wa baya. Ɗan tashe minti nawa yake yi a ƙofar gida? Ya yi waƙa, ya yi rawa, a ba shi sadaka, ya ƙara gaba. A kalankuwa kuwa ba mai kallo, kowa ɗan wasa ne. Amma ranar da ka jera kujeru ka ce mutum ya zauna awa guda ya yi shiru, ka ci bashinsa, sai ka biya. Wasan kotu kuma da ka ambata, ai da rigima yake buɗewa. Ana ɗaga labule ga mai ƙara ga wanda ake ƙara, tambaya ta rataya tun minti na farko.

Ba ma sai an je Girka ba. Tuna kakarka. Bayan "ga ta nan ga ta nanku", me ke biyowa? Ana yunwa, Gizo ba shi da ko ƙwaya. Buƙata ke nan. Ya ƙulla dabara, ta ci. Kwaɗayi ya sa ya koma, ya sake komawa, a na ukun asiri ya tonu. Ƙurunƙus. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san ba a fara tatsuniya da ranar sunan Gizo.

Gaisuwa kuwa ban ce a cire ba. Cewa na yi a ɗora mata kaya. Mace ta shigo gidan wadda take bi bashi: "Sannu da gida. Ashe gyara ake yi? Kai, wannan gado ya yi kyau, Allah ya sa alheri. Nawa yanzu ake sayar da irinsa?" Gaisuwa ce, amma kowace kalma da ƙaya a jikinta.

Na Damagaram:
Sallama gare ku. Mushe (haka muke kiran malamin makaranta a Nijar), bari in ba ka abin da na gani a wajenmu. Zamanin Janar Seyni Kunce, wanda ya riƙe Nijar daga 1974 zuwa 1987, samariya ta yi ƙarfi, kowane gari da ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo, ana kuma gasa tsakanin jihohi a bikin matasa na ƙasa. Ina yaro nake bin yayyena wurin gwaji. Abin da zai ba ka mamaki, yawanci ba a rubuta maganar da kowa zai faɗa. Zama ake yi a daidaita labari, a yanka shi fitowa-fitowa, a ce a wannan kai za ka shigo neman kaza, ke za ki hana, kuma ba mai fita sai kaza ya faru. Magana kuwa kowa bakinsa. Yau a faɗe ta haka, gobe ta sake kama, amma ƙashin bayan ba ya motsi.

To ka ga inda ba rubutu, zubi shi ne komai. In ɗan wasa ya ji ana dariya ya zarce da barkwanci, shugaban wasa na gefe, tari ɗaya zai yi a koma kan hanya. Shawarata, ajiye takardun da yara suka haddace. Kira su ka tambayi kowa: a wannan fitowa me kake so, wa ya tare maka hanya? Fitowar da aka rasa amsa, jefar da ita ko da ita ce ta fi ban dariya.

Ɗan Kamara:
Mu a fim da sauƙi. Fara da damben, a ga an yaga ɗankwali, sai a rubuta "wata uku baya", a yi waiwaye. Ka kama mai kallo tun daƙiƙar farko, kuma ba ka rasa bikinka ba.

Malamin Kulob:
Ɗan'uwa, kamararka ƙiftawar ido take tsallake wata uku. Ni sai yara shida sun kinkimi benci. Sauyin fage takwas muka yi, kowane kusan minti uku, sau ɗaya ma labulen ya maƙale. Yanzu da na lissafa, fiye da minti ashirin iyaye suka yi suna kallon zane a rataye.

Tsohon Ɗan Fage:
To ka gani. Kowane jan labule ƙofa ce ka buɗe wa mai kallo ya fita. Shi ya sa marubucin dandali yake rowar wuri da rowar lokaci. Kuma abin da ya wuce ba sai an nuna shi ba, muna da waiwayenmu na gida: gori. Sa mata biyu su yi faɗa, cikin minti biyu za ka ji wa ya ranta wa wa kuɗin asibiti bara, wa ya yi wa wa hanyar aure. Mai kallo ya sami tarihin duka, bai kuma san darasi ake ba shi ba.

'Yar Jami'a:
Faransawan ƙarni na 17 har doka suka mayar da shi: labari ɗaya, wuri ɗaya, yini ɗaya. Ana yawan jingina wa Aristotil duka ukun, alhali shi a kan haɗuwar labari ya dage, zancen wuri ɗaya masu sharhinsa na Italiya ne suka ƙara. Ba farilla ba ce, amma ga makarantar da ke da benci huɗu da makirufo biyu, rahama ce.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ban yi karatun wasa ba, amma shekarata goma sha ina adashi, kuma an taɓa cinye mana. Malam, uwar adashinka ba ta yi kama da ta gaske ba. Wadda ta taɓa kuɗin mutane ba ta zama ta jira ranar tonon asiri. Faci take shiga yi. Ta ce a yi zubin wata mai zuwa da wuri wai don hidimar Salla. Ta kai ɗan kunnenta kasuwa. Ta ranto daga wani adashin ta toshe wannan. In an yi sallama ta ce wa yara ku ce ba na nan, ga takalmanta a ƙofar ɗaki. Kowane faci kuma sai ya yage wani wurin. Wannan fa shi ya kamata mu kalla, ba rawar kamu ba, wadda kowa ya gani a gidansu makon jiya.

Sannan mai kwasar nan taka wace ce? Wata mata kawai? Mai da ita uwar angon. Da kwasarta take jiran haɗa lefen wannan yarinyar dai. Kin cinye kuɗin lefen 'yarki kin saya mata gado. To a kwanta a kai mu gani.

Tsohon Ɗan Fage:
Hajiya, Allah ya yi miki albarka. Shekara arba'in ina wannan harka, da ni na kawo wannan da na yi kwana uku ina fahariya. Kin ɗaure auren da adashin da igiya ɗaya, duk wanda aka ja ɗayan zai shaƙe.

'Yar Jami'a:
In ƙara abu ɗaya a kan na Hajiya: littafin zubi. Uwar ba ta yi boko ba, amaryar ce ke rubuta mata wa ya zuba wa bai zuba ba. A nuna littafin tun fitowar farko, a hannun yarinyar, kamar ba komai ba. Anton Cekof, marubucin Rasha da ya rasu a 1904, shi ake jingina wa shawarar nan cewa bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa dole a harba ta kafin a tashi. Littafin nan shi ne bindigarka, Malam. Kuma ta nan ganewa za ta zo: yarinyar da kanta za ta haɗa lissafi ta gane da kuɗin wa aka sayi gadonta.

Sarkin Zolaya:
Wato dai abin da aka zuba dole a kwasa. Na faɗa muku tun farko adashi ne, kuka tafi Rasha.

Malamin Kulob:
Jiya ban yi barci ba. Ga sabon zubi, ku duba min. Wuri ɗaya, tsakar gidan uwar adashi. Kwana huɗu, Talata zuwa Juma'a. Mata 20 ne, kowacce naira 20,000.

Kashi na ɗaya: labule na buɗewa ana shigo da gado, maƙwabta na guɗa. Amarya na duba littafi ta ce, "Inna, Juma'ar nan fa kwasar babarsu ce." Uwar ta saki kofin da ke hannunta.

Kashi na biyu: faci. Ta nemi kafinta ya karɓi gadonsa, ya ce kuɗi sun shiga katako. Ta nemi a yi zubi da wuri, aminiyarta da ta ga gadon ta fara zargi. Da ta rasa mafita, cikin dare ta goge alamar biyan wata mai ƙosai a littafin, ta ce ita ce ta riƙe kuɗi shi ya sa ba su cika ba. Aka taru a kan baiwar Allah. Amarya kuwa ta san da hannunta ta rubuta biyan.

Kashi na uku: Juma'a uwar ango ta zo da danginta, aka yi ta ta ƙare, amarya ta fito da littafi.

Maman 'Yan Biyu:
Na ɗaya da na biyu sun yi, har na ji tausayin mai ƙosai. Goge sunan mutum ɗaya ba zai rufe 400,000 ba, amma wadda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa mata kamawa za ta yi, na yarda. Na ukun ne ba zai yiwu ba. Malam, ka taɓa ganin uwar ango ta kwaso dangi ta je gidan surukai tana ɗaga murya, saura kwanaki biki? Ko lefen ma ba ita ke kaiwa ba, 'yan'uwa ake turawa, uwar amarya ma ba ita ke fitowa karɓa ba. Akwai kunya. Aike za ta yi. In ka sa ta yi dambe, matan da ke wurin za su ce wannan malami bai san gari ba.

Malamin Kulob:
To Hajiya, in ba za su haɗu ba ai wasan ya mutu. Haɗuwarsu kowa ke jira.

Tsohon Ɗan Fage:
Bai mutu ba, yanzu ma ya sami rai. Gaskiya ne kowane wasa yana da fitowar da tun farko ka yi wa mai kallo alkawarinta, in ka hana shi ba zai yafe ba. Taka ita ce uwa da uwa. Amma kunyar da Hajiya ta faɗa ba cikas ba ce gare ka, ita ce za ta ja maka igiya. Laraba ta aiko yarinya, a ce Inna ba ta nan. Alhamis ta aiko ƙanwarta, a ba ta haƙuri da labarin mai ƙosai. Kowane aike ya fi na baya nauyi, mai kallo na ta cewa yaushe za ta zo da kanta. Sai ranar Juma'a bayan lisha, a ji sallama. Ita kaɗai, da mayafinta, ba ɗan rakiya. Mace ta taka kunya ta zo gidan surukai da ƙafarta, kowa a zauren ya san abin ya kai maƙura.

A nan ka saki gaisuwa, kada ka rage ko ɗaya. A shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, ina wuni, ina gajiya, ya yara, ya hidima, a sake ina wuni. Ba mai iya fara ambaton kuɗi. Gadon na jingine a bayansu, amarya na bakin ƙofa da littafi a ƙirji. Ba ihu, ba dambe. In yaranka sun iya riƙe shirun nan, ko mai goyo ba za ta motsa ba.

Mai Kishin Gida:
A'a, Baba! Ashe gaisuwar da ake raina ce ta zama ƙololuwar. To alhamdu lillahi. Saura mai unguwa, shi ma a dawo min da shi.

'Yar Jami'a:
Yaya, zai iya dawowa, amma da sharaɗi biyu. A gan shi tun kashi na ɗaya, ko da leƙowa ya yi ya sa wa gado albarka, don kada ya zama wani ƙanen Legas mai rawani. Kuma kada ya yanke komai. Wanda ya ƙulla, ko wanda ƙullin ya shaƙe, shi zai warware.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ban ga abin da zai kawo shi ba. Magana tsakanin surukai, ga aure a gaba, wa zai kai ta waje? Rufa-rufa za a yi. Mai ƙosai ce kaɗai ke da dalilin kai ƙara, tunda ita aka ɓata wa suna.

Mai Kishin Gida:
To shi ke nan, ta kai! Hajiya da bakinki kika ba ni hanya.

Malamin Kulob:
Akwai kuma shugaban makaranta. Na san zai tambaye ni ina darasin, tunda wasan yara ne. Nasihar mai unguwa ita ya fi yabawa a wancan karon.

Tsohon Ɗan Fage:
Ka ce masa ya zo gwaji ya zauna a layin baya. Ga yadda zan rufe in ni ne. Amarya ta ajiye littafin a tabarma tsakanin iyayen biyu, a buɗe, ba ta ce uffan ba. Uwar ango ma ba ta yi boko ba, sai ta tura wa uwar amarya ta ce, "Me aka rubuta?" Yanzu zaɓi na hannun wadda ta ƙulla: ta ƙara ƙarya a gaban 'yarta, ko ta faɗa da bakinta. Ta faɗa. Fitowar ƙarshe da safe, samarin da suka shigo da gado su fitar da shi ta ƙofar da ya shigo, maƙwabtan da suka yi guɗa na tsaye, mai ƙosai a cikinsu da tirenta. A ja labule.

Ɗan Kamara:
To auren fa? An fasa ko an ɗaura? Mutanenmu ba sa son a bar su a rataye.

Maman 'Yan Biyu:
A ɗaura mana, yarinya me ta yi? Ta tare da katifa a ƙasa, ba ita ce farau ba.

'Yar Jami'a:
Ni da za a bar shi a buɗe. Tambayar da aka ɗaura a kashi na ɗaya ita ce ko asiri zai tonu, kuma an amsa ta. Aure wani wasan ne.

Mai Kishin Gida:
Ƙanwata, gwada barin iyaye ba su san an ɗaura ko an fasa ba, ki ga ko za su bar Malam ya kai bakin get. Kuma har yanzu ina kan bakana, mai ƙosai ta kai ƙara.

Malamin Kulob:
Zan gwada duka biyun da yara ranar Litinin, da mai unguwa da babu shi, in ga wanda ya zauna. Zancen aure kuma ina tunanin uwar ango ta saya wa yarinyar ƙosai daga tiren matar nan ta miƙa mata kafin labule, kowa ya fassara yadda ya so. Damuwata yanzu yaron da ya fito a ƙanen Legas. Kwat ya aro wurin kawunsa, har hoto ya ɗauka, ban san da wane baki zan gaya masa an soke shi ba.

Na Damagaram:
Ba shi kafinta, Mushe. Fitowa ɗaya ce amma da nama a jikinta.

Sarkin Zolaya:
Kafinta da kwat?

Malamin Kulob:
Zai cire. Wani kuma ya taimaka min da dabarar gado, don na ɗakin shan maganin makaranta muka aro wancan karon, na ƙarfe ne, kuma ƙofar dandalinmu sai an karkata shi yake wucewa. In ya maƙale a fitowar ƙarshe, dariya za a yi.